Haraji da Agaji: Husumar Jihohi da Gwamnatin Tarayya a Kan Haƙƙin Wanda Musiba Ta Auka wa

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san cewa mai nufin Jibiya, ko mai niyyar ƙetare iyaka ya gangara Maraɗi, ta Ƙofar Guga yake fita, kuma ta nan ne masu motocin hatsi da na dabbobi suke shigowa da abin da ƙauyukan wannan nahiya suka noma ko suka kiwata. A can gaba a kan wannan hanya, a daren Lahadi wayewar Litinin 16 ga Yuli, 2018, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya tumbatsa ya auka wa unguwannin Jibiya mutane suna barci, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya tafi da dabbobi da abinci, ya halaka fiye da mutum 40, har wasu gawawwakin sai a cikin Jamhuriyar Nijar aka tsamo su. Gwamna Aminu Bello Masari ya je jaje, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo a madadin Gwamnatin Tarayya, hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa suka kai gudummawa. Amma bayan an share makoki, baƙi sun watse, sai mas'ala ɗaya ta rage wadda ta fi rabon shinkafa da barguna nauyi, watau a kan wa alhakin sake gina abin da ruwa ya ci yake, kuma daga wace taska za a ɗebo kuɗin.

Wannan mas'ala ba ta rabuwa da ta haraji, domin kuwa magidancin da ruwa ya rushe wa ɗaki, ranar da ya shigo birni ya sayi buhun siminti da bandir ɗin kwano don ya sake yin rufi, ya riga ya biya haraji a cikin kuɗin kayan, ko da bai ga mai karɓa ba, ko da kuma ba a ba shi rasit ba. Kuɗin nan nasa yana tafiya Abuja, a haɗa shi da na sauran jama'ar ƙasa, a raba a ƙarshen wata. A kan wannan rabo ne fa jihohi da Gwamnatin Tarayya suke ta husuma shekara da shekaru, kowane ɓangare yana kafa hujja da irin wulaƙancin da yake ganin an yi masa ranar da musiba ta same shi.

Asalin harajin da yadda ake raba shi

Harajin cinikin kaya, wanda kowa ya sani da VAT, gwamnatin soja ce ta kafa shi da doka mai lamba 102 ta shekarar 1993, ya fara aiki a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin 100, ya kuma maye gurbin harajin sayarwa wanda amfaninsa na jihohi ne. Saboda wannan asali ne aka shirya cewa hukumar tara haraji ta ƙasa, FIRS, ita za ta karɓa, amma mafi yawan abin da ta tara a mayar wa jihohi da ƙananan hukumomi. Tsarin da aka daɗe a kansa shi ne kashi 15 na Gwamnatin Tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi. Kason jihohi kuma a raba rabinsa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara kuɗin. A watan Fabrairu na 2020 aka ɗaga harajin zuwa kashi 7.5 cikin 100.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan tsari waɗanda wajibi ne mai karatu ya riƙe, in ba haka ba duk gardamar za ta shige masa duhu. Na farko, a da manyan kamfanoni sun saba biyan harajin daga inda hedkwatarsu take, saboda haka katin wayar da aka saya a bakin Ƙofar Guga, aka ƙarar da shi a nan cikin gaisuwa da ciniki, a littafin hukuma sai ya fito a matsayin kuɗin da aka tara a Legas. Na biyu, doka ta keɓe kayan abinci na asali daga wannan haraji, watau gero da dawa da masara da wake da sauran abin da manomin Arewa yake fitarwa, kuma wannan rahama ce ga talaka, sai dai tana sa jihar da arzikinta noma ne ta fito a lissafi kamar ba ta tsinana wa ƙasa komai.

Tawayen Ribas da martanin Katsina

A ranar 9 ga Agusta, 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal, a ƙarƙashin Mai Shari'a Stephen Pam, ta yanke hukunci cewa tsarin mulki bai ba Gwamnatin Tarayya ikon karɓar VAT a Jihar Ribas ba. Gwamna Nyesom Wike bai yi wata-wata ba, ya sa hannu a kan dokar jiharsa a cikin wannan wata, ya umarci kamfanoni su daina kai wa FIRS kuɗi, ya kuma yi barazanar rufe duk wanda ya ƙi. Legas ta bi sahu, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a kan tasa dokar ranar 10 ga Satumba, a wannan rana ce kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta umarci kowa ya tsaya inda yake, FIRS ta ci gaba da karɓa. Hujjar Wike ita ce, a watan Yuni na wannan shekara an tara kimanin Naira biliyan 15 a jiharsa aka mayar mata da biliyan 4.7 kacal; ya kuma ƙara da zargin da ya fi yi wa mutanen Arewa ciwo, cewa jihohin da Hisba take farfasa kwalaben giya a cikinsu suna karɓar rabo daga harajin giyar da aka sha a wasu wurare.

Wanda ya bi tarihin wannan fushi zai tarar yana da saiwa a cikin maganar agaji. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba Legas Naira biliyan 10 don yaƙi da cutar, Wike ya fito fili ya yi ƙorafi cewa an manta da Ribas alhali kuwa daga ƙasarta ake haƙo man da ake rabawa. Haka kuma a ambaliyar 2022, wadda ta halaka fiye da mutum 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, da Ministar Jinƙai Sadiya Umar Farouq ta ce Bayelsa ba ta cikin jihohi goma da abin ya fi shafa, Jigawa ce kan gaba, shugabannin Neja Delta sun harzuƙa ƙwarai, suka ɗauki maganar a matsayin shaida cewa ana ɗibar dukiyarsu a lokacin lafiya a juya musu baya a lokacin larura.

Gwamna Masari yana cikin waɗanda suka fara mayar da martani a 2021, kuma ma'anar jawabinsa ita ce, cinikin da Legas da Ribas suke alfahari da shi bai samu ba sai da kasuwar Nijeriya baki ɗaya, domin kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa mutanen Katsina da Kano da Sakkwato ne suke sayen wani babban sashe nasa. Gwamnonin Kudu suka taru a Inugu a watan Satumba suka goyi bayan jihohi su karɓi harajin da kansu. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a ƙarshen watan suka yi gargaɗi cewa in kowace jiha ta kafa nata, kaya ɗaya zai sha haraji sau da yawa kafin ya isa hannun mai saye, talaka ne kuma zai ɗauki nauyin.

Ranar da Arewa ta zama mai turjiya

Ba a yi shekara huɗu ba sai al'amari ya juya, waɗanda suka tsaya wa Gwamnatin Tarayya jiya suka zama masu ja da ita. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, irin abin da ba a gani ba tun 1994. A wannan damina Gwamnatin Tarayya ta sanar da ba kowace jiha Naira biliyan 3 saboda ambaliya, kuɗi ɗaya ga wadda birninta ya nutse da wadda ruwa bai yi wa wata ɓarna mai yawa ba. Mutanen Maiduguri ba su gama kwashe laka daga ɗakunansu ba sai ga Shugaba Bola Tinubu, a farkon Oktoba, ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, a cikinsu har da shawarar a raba kashi 60 cikin 100 na kason jihohi bisa inda kuɗin ya fito.

Ranar 28 ga Oktoba gwamnonin Arewa 19, a ƙarƙashin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, tare da sarakuna, suka zauna a Kaduna suka yi watsi da wannan shawara, suka kuma nemi 'yan majalisarsu su ƙi amincewa da ita. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ma ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a sake tuntuɓa, Shugaban Ƙasa ya ƙi. Babu wanda ya ɗaga murya kamar Gwamna Babagana Zulum na Borno, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da shi ne yake riƙe da jihar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ruwa kuma ya zo ya ƙarasa. Masu goyon bayan gyaran sun ce manufarsu a daina lissafa harajin ga inda hedkwatar kamfani take, a koma lissafa shi ga inda aka yi amfani da kayan, abin da zai amfani jihohi masu yawan jama'a. Masu adawa suka ce lafazin ƙudurin bai fayyace haka ba. Daga ƙarshe aka yi sulhu, aka sa hannu a kan dokokin ranar 26 ga Yuni, 2025: harajin ya tsaya a kashi 7.5, kason Gwamnatin Tarayya ya sauka zuwa 10, na jihohi ya hau 55, a raba rabinsa daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya.

Irin wannan husuma a Amurka

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na Nijeriya ne ita kaɗai. A watan Janairu na 2025 gobarar daji ta cinye fiye da gine-gine 16,000 a yankin Los Angeles na Jihar Kalifoniya, Gwamna Gavin Newsom ya nemi agajin kusan Dala biliyan 40 daga majalisar ƙasa, Shugaba Donald Trump kuwa ya furta cewa yana son a gindaya sharuɗɗa, har da sauya dokar zaɓe ta jihar, abin da ba shi da wata alaƙa da gobara. A watan Yuni, da aka ji ana shirin yanke wa jihar wasu kuɗaɗen tarayya, sai Newsom ya ce mutanen Kalifoniya suna biyan fiye da Dala biliyan 80 a shekara sama da abin da ake mayar musu, ƙila lokaci ya yi da za a toshe wannan kafa. Sakataren Baitulmali Scott Bessent ya amsa masa cewa yin haka laifin kauce wa haraji ne. Barazanar ba ta wuce fatar baka ba, saboda a can ma kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane ne suke biyan hukumar tarayya kai tsaye, kuɗin ba ya bi ta hannun gwamna balle ya riƙe. Abin lura shi ne, kowane ɓangare ya kama abin da yake hannunsa ya yi garkuwa da shi, wannan ya riƙe agaji, wancan ya yi kurarin riƙe haraji, wanda gidansa ya ƙone kuwa yana tsaye yana jira.

Abin da Katsina ta riga ta sani

Mutanen wannan birni ba baƙi ba ne ga maganar rabon haraji tsakanin na gida da na nesa. A nan Katsina ne, a farkon zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, Bature H. R. Palmer ya fara gwada tsarin Baitulmali na En'e, wanda daga 1911 ya bazu a sauran lardunan Arewa: a tara haraji da jangali, a kai wa Gwamnati rabi, a bar rabi a taskar Sarki don albashin hakimai da alƙalai da ayyukan ƙasa. Tsarin ya kawo lissafi inda babu, amma yunwar 1914, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba, da ta 1927 mai suna 'Yar Buhu, sun nuna aibin harajin da ba ya duba halin mai biya, domin talakan da aka tilasta wa biya da tsabar kuɗi da kaka dole ya sayar da hatsinsa da arha, in bazara ta yi ya nemi abin da zai ci ya rasa. Wani Bature, Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Kaita, a kan wannan ya gina littafinsa na 1983. Ɗacin wannan tarihi ne ya sa, da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, talakawa suka ɗauki abin tamkar 'yanci na biyu.

Malamanmu ma sun riga sun tattauna asalin mas'alar tun kafin a san wata tarayya. Lalle harajin gwamnati ba zakka ba ne, hukuncinsu ya bambanta, amma hikimar da fuƙaha'u suka bi wajen rabon zakka tana haskaka wannan jayayya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Muhtasar na Shaihu Halil, wajibi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai fa in an sami waɗansu a nesa waɗanda suka fi tsananin buƙata, to a nan mafi yawanta su za a kai wa. Ashe haƙƙin wurin da aka tara dukiya tabbatacce ne, wanda ya yi da'awarsa bai yi zalunci ba. Amma larura tana rinjayarsa in ta zo. Haka aka yi a shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar da ake kira Amur Ramada, da fari ya tsananta a Hijaz: Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, suka aiko da ayarin abinci, babu wanda ya ce dukiyar lardinsa ta mutanen lardinsa ce; malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Halifa ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara har sai da ruwa ya sauka. A ɗaya gefen, Sayyidina Abubakar bai yarda wata ƙabila ta riƙe zakka don ganin damarta ba. Daga waɗannan biyu ake fahimtar ƙa'ida guda, cewa lardi ba shi da ikon hana abin da yake na jama'a, shugaba kuma ba shi da ikon hana wa lardi agaji, ko ya mayar da shi ladan biyayya.

Amanar da ke wuyan jihohi

Sai dai gaskiya ba ta cika ba in an tsaya a kan laifin Abuja kaɗai. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, aka ware masa kashi 1 cikin 100 na Asusun Tarayya, aka ƙara zuwa 2 a 1992, don maganin ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. A yau kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma tana da rabo a cikinsa duk wata, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA kuma, wadda aka kafa a 1999, doka ta ware mata nata kason. Mutane kaɗan ne suka san nawa ya shigo jiharsu da wannan suna, ko wace magudanar ruwa aka gina da shi. A watan Yuni na 2018, wata guda kafin ambaliyar Jibiya, kotu a Abuja ta sami tsohon Gwamnan Filato Joshua Dariye da laifin karkatar da fiye da Naira biliyan ɗaya na wannan asusu, ta ɗaure shi shekara 14, aka rage zuwa 10, sa'an nan a 2022 aka yi masa afuwa. Irin wannan labari shi yake ba mai son riƙe harajinsa hujja, domin yana iya cewa abin da aka karɓa daga gare shi da sunan masu larura bai isa ga masu larurar ba. Ba a banza ba ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da maslahar talakawansa ta duniya tare da ta addini.

Rabon agajin kansa yana buƙatar ƙa'ida. A ambaliyar 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi aji huɗu, daga masu karɓar miliyan 500 zuwa masu miliyan 250. A 2024 aka ba kowa daidai. A wasu lokutan kuma sai abin da Shugaban Ƙasa ya ga dama ya furta a wurin jaje. Muddin babu mizani sananne, duk gwamnan da aka ba kaɗan zai ce siyasa ce, duk wanda aka ba da yawa za a ce ɗan gata ne, kuma daga nan ake komawa ga kurarin riƙe haraji. Alhali kuwa ambaliya ba ta zuwa ba sallama, tun da hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna fitar da gargaɗi kowace shekara kafin damina, har da jihohin da ake jin tsoron ruwa zai yi wa ɓarna.

Maganin da ya dace da hankali da shari'a shi ne a rubuta dokar rabon agaji tun ana zaune lafiya, a bayyana a cikinta yawan ɓarnar da in ta kai Gwamnatin Tarayya za ta shigo dole, da yadda za a ƙidaya gidaje da gonaki da rayuka, da wa'adin da kuɗi zai isa, ta yadda Bayelsa da Borno da Katsina za su san haƙƙinsu ba tare da roƙo ko barazana ba. A gida kuma, tun da sabuwar doka ta jingina kashi 30 na rabo ga inda aka yi amfani da kaya, maslahar Katsina ce ta tabbatar ana rubuta cinikin da ake yi a kasuwanninta da sunanta. Wajibi ne kuma Majalisar Dokokin Jiha ta riƙa neman bayani a fili, wata bayan wata, na abin da ya shigo wa jiha da ƙananan hukumominta 34 daga Asusun Kula da Muhalli da inda aka kashe shi. Jihar da ta iya nuna wannan lissafi ita ce za ta je Abuja ta nemi haƙƙin masu larurarta, babu mai iya ce mata ta fara kawo bayanin na bara.